Sunan da MaShandu Ta Faɗa Sau Ɗaya

Sunan babana Ndlela. Ni ina da ikon faɗarsa, 'yarsa ce ni, kuma ya daɗe a ƙasa. A bakinmu ndlela hanya ce, wannan dai da ake takawa, don an ce a hanyar kasuwa kakata ta haife shi. Sunan nan ne ya ci gonar matar yayana. Duk wanda zai ce min kuskuren na'ura ne kawai, ya matsa daga gabana tun ina ganin mutuncinsa.

MaShandu muke ce mata, da sunan gidan ubanta, kamar kowace matar aure. Ina budurwa yayana Mzikayise ya kai shanunsa na sadaki aka kawo mana ita: gajera, mai faɗin tafin ƙafa, muryarta sai ka matso kafin ka ji. Tun daga ranar da ta shigo gidanmu sunan Baba ya fita daga bakinta. Matar ɗa ba ta kiran surukinta. Ba ta bi ta gaban ɗakinsa, sai ta ja mayafi a kafaɗa ta zaga ta baya. In kuwa sunansa ya zo ɗaya da wani abu na duniya, to abin ne zai canza suna. Sai MaShandu ta ɗauko wata tsohuwar kalma daga bakin kakarta, nyathuko, wato turbar da ƙafa ta taka har ta fito. Da ita take kiran hanya, da ita kuma take nufin Baba in ya zama dole.

Mu kuwa muka sami abin wasa. Ni da Fanozi, ɗan ƙanin Baba wanda a gidanmu ya tashi, mu ne kan gaba wajen tsokana.

"Matarmu, ta ina aka bi da shanun nan?" in ji Fanozi.

"Ta nyathuko mana."

"Ta me? Ban ji ba, kunnena ya toshe."

"Allah ya buɗe shi. Ka bi su ka tambaye su, ai 'yan'uwanka ne."

Haka muka yi ta haƙa mata rami, ko za ta faɗa sau ɗaya mu ga ta tofar da yawu, don abin da mace ke yi ke nan in sunan ya suɓuce mata. Shekara talatin da wani abu ba mu taɓa gani ba. Ku riƙe min wannan: babu mahaluƙin da ya ji kalmar nyathuko a bakinta fiye da Fanozi.

Gonar tana bakin fadamar Mpunzini, doguwa ce siririya, daga gindin tudu har cikin laka. Tsohon mai unguwa ne ya yanka wa Baba ita, shi ya sa kowa ke kiran wurin da sunansa, a ce za ni Ndlela, na fito daga Ndlela. Da Baba ya ga hannun MaShandu a gona sai ya ce ta riƙe, 'ya'yan cikinsa ba mu iya komai ba sai ci. Ban ji haushi ba, gaskiya ya faɗa.

Gwaza take shukawa. Ta shiga baƙar laka har gwiwa, ta ja kunya, ba ta haƙa lambatu mai zurfi kamar masu haɗama, ta ce in ka kore ruwan da wa za ka yi noman. Ganyen gwazarta yaro na iya fakewa a ƙarƙashinsa in ana yayyafi. Rabi a ci a gida, rabi ta dafa ta ɗora a ka zuwa tashar mota a Eshowe. Da gwazar nan ta raini 'ya'yanta, da ita kuma take riƙe da jikoki uku da babbar 'yarta ta rasu ta bari. In an ce maka gidan MaShandu an ɗora tukunya, to gonar ce ta ɗora ta.

Sai Mzikayise ya kwanta, bai tashi ba. Ta sa baƙaƙen kaya ta shiga takaba ta shekara. Mai takaba ba ta taka gona, ba ta ɗaga murya, ba ta kallon namiji a ido. Ni gidan aurena yana bayan tudu, gwiwata kuma ta daina shiga laka. Gona ta zauna, ciyawa ta rufe ta. Mata masu zuwa yankar ciyawar tabarma suka ga sauƙi, suka riƙa ratsawa ta tsakiya, har sawunsu ya fito fili.

A wannan shekarar ce masu taswira suka zo.

Kada wani ya ce ni maƙiyiyar fadama ce. Na san ta tun ruwanta yana kai wa mutum ƙirji, gauraka suna rawa a bakinta kamar an gayyace su biki. Na ga ta ja baya, na ga gauraka sun ragu. Na kuma san abin da ke shanye ta: raken manyan mutane da ya lulluɓe tuddai daga nan har inda ido ya tsaya. Amma rake yana da lauya, gwaza ba ta da shi.

Wata ƙungiya ce daga birni, da farar mota, da kwamfutar hannu, da ɗan jirgi marar matuƙi mai kukan sauro. Suka tara mu a makaranta, suka haska mana hoton ƙasarmu da tauraron ɗan'adam ya ɗauko, kowa yana neman rufin ɗakinsa ana dariya. Shugaban aikin, wani mai gilashi da ba ya jin harshenmu sai da tafinta, ya ce wannan karon ba za a zana komai a bayan idonmu ba. Kowa zai tsaya a bakin wurinsa ya faɗi sunansa, na'ura ta ɗauki murya ta ɗauki ɗigon wurin. Tsofaffin gonaki na gado za a shafa musu launin ruwan ɗorawa a taswira, a bar wa masu su. Sauran duka kore, a mayar wa fadama. Hanyoyin ƙafa kuma ɗige-ɗige baƙi. Muka tafa. Har ni na tafa.

Suna buƙatar ɗan gari mai nuna musu wurare, sai Fanozi ya samu. Aka ba shi hula mai baki da 'yar shara mai aljihu goma, ya fara tafiya yana buɗa hannu. Da ɗan gari akan ci gari.

Ban je ba ranar da aka zo kan MaShandu, amma daga baya an kunna mana muryar na ji da kunnena. Mai riƙe da kwamfutar wata yarinya ce, Phumla, haifaffiyar Durban, mai ladabi, harshenmu a bakinta tsaf, sai dai na birni da na makaranta. MaShandu ta tsaya can nesa da gonar cikin baƙaƙen kayanta, kai a sunkuye. Iska tana kaɗawa a cikin muryar.

"Mama, nan me ake ce da shi?"

"Nyathuko ne, 'yata."

Yarinya ta san kalmar, ta taɓa gani a littafi. Ta duba hoton sama, ga sawun mata ya ratsa ciyawa. Duk da haka sai da ta tambaya, Allah ya yi mata albarka.

"Baba Fanozi, turba take nufi?"

Sai ka ji muryarsa, a kwance, kamar mai cewa a miƙo masa gishiri.

"Kin dai ji abin da ta ce."

Bai yi ƙarya ba, ka lura. Irin mutumin ke nan, ya yanka ka ba tare da ya taɓa wuƙa ba. Ya riga ya ji a cikin mota cewa za a shimfiɗa gadar katako daga titi zuwa tafkin gauraka saboda baƙi masu kallon tsuntsaye, kuma a kan tsohuwar hanyar ƙafa kaɗai za a yi ta. In ta bi ta gonar Baba, bakin gadar zai faɗo daidai ƙofar gidansa.

Takabar MaShandu ta ƙare, aka yanka akuya, aka yi mata wanka, ta cire baƙi. Washegari ta saɓa fartanya ta nufi gona, sai ta tarar da turaku masu jan kai an kafa a jere ta tsakiyarta. Ba ta tumɓuke ko ɗaya ba. Da ni ce, da na tumɓuke su na kai wa Fanozi har gida na jera masa a gado. Ita sai ta tako har bayan tudu ta same ni ina surfe.

"Gwaggon yara, an shuka min wani abu a wurin Nyathuko, ban san irinsa ba."

Muka je makaranta inda aka manna taswirar a bango. Ga gonar MaGumede ruwan ɗorawa. Ga ta tsoho Mhlongo ruwan ɗorawa. Tsakaninsu kore shar, da ɗige-ɗige baƙi suna bi ta ciki. Tuddan rake kuwa an bar su fari fat, ba sa cikin aikin. Na yi faɗa a wurin har malaman makaranta suka leƙo. Aka ce in yi haƙuri, akwai ranar gyara.

Ranar gyara ɗakin ya cika. Maza a kan benci, mata a tabarma. A gaba ga mai gilashi da tafintansa, ga Phumla da kwamfutarta, ga mai unguwa yana wasa da sandarsa, ga Fanozi, wanda ya zama ɗan kwamiti. Aka kunna muryar. Da aka zo kan "kin dai ji abin da ta ce", tsofaffin mata suka juya gaba ɗaya suka dube shi, shi kuwa yana duban silin.

Na miƙe ba a ba ni izini ba.

"Gonar ubana ce. Ndlela. Kowa a ɗakin nan ya san ta, har wancan mai hular da ya ci gwazarta ya yi tumbi. Matar nan ba ta faɗin sunan surukinta, shi ya sa ta ce nyathuko. Ku goge ɗigonku ku shafa mata ruwan ɗorawa mu tafi gida, tukunya na bari a wuta."

Tafinta ya juya. Mai gilashi ya gyaɗa kai, ya ce abin sha'awa ne ƙwarai, har ya rubuta a takardarsa. Abin sha'awa. Sannan ya ce shi ba shi da ikon taɓa taswira, tana can babban ofis. Abin da murya ta sa, murya ce ke cire shi, kuma muryar mai wurin.

Phumla ta nuna ni ta ce, "Ko Mama Khethiwe ta faɗi sunan, MaShandu kuma ta ce e? Ai duk za su shiga cikin na'urar."

Mai gilashi ya fara ɗaga kafaɗa alamar ba laifi. Sai Fanozi ya gyara hula.

"A'a fa. In aka buɗe wannan ƙofar, gobe kowa ya zo da ƙanwar miji mai baki ta yi masa magana. Doka ta ce mai wuri. Ta faɗa da bakinta, ai ba kurma ba ce."

"Kai ko kunya ba ka ji, Fanozi?" na ce. "Wa ya wanke maka ƙazuwa lokacin da ko karen gida ba ya zama kusa da kai?"

"Yaya Khethiwe, nan ba tsakar gida ba ne."

"Da tsakar gida ne da tuni ka sha taɓarya."

Aka yi dariya kaɗan, ta mutu da wuri. Kowa ya dubi mai unguwa. Shi ne zai iya cewa kalma ɗaya magana ta ƙare, ubansa ne ya yanka gonar. Sai ya ce shi baƙo ne a harkar na'ura, a bi abin da ƙa'ida ta ce. An yi masa alkawarin kujera a ranar buɗe gada, kuma ya zauna a kanta.

Lissafin Fanozi a fili yake. Ya san ta. Ya san ya yi shekara talatin yana haƙa mata rami ba ta faɗa ba, ya tabbata yau ma za ta ja mayafi ta fita, gona ta tafi.

MaShandu ta taso daga tabarma. Ba ta tsaya a gaban maza ba, da gwiwa ta ƙarasa gaban tebur. Ta dafa siminti da tafin hannu, ta yi magana da ƙasa, ni da ke kusa na ji.

"Baba, ka kau da kai. Yaran nan naka ne, kuma suna ci kullum."

Ta ɗago ta ce wa Phumla, "Kawo abin naki kusa, 'yata. Sau ɗaya zan faɗa."

Yarinyar ta matso da kwamfutar. Ta danna, ta karanta tambayar kamar yadda take a rubuce.

"Mene ne sunan wurin?"

"Ndlela."

Ban taɓa sanin sunan ubana yana da nauyi haka ba sai da na ji shi a wannan ƙaramar muryar. MaGumede ta rufe fuska da zane. Wata tsohuwa a baya ta fara kuka a hankali. MaShandu ta miƙe bakinta a rufe, kumatunta a ɗan kumbure, don ba za ta tofa yawu a ɗakin karatun yara ba. Ta riƙe shi ta ratsa mutane, ta zaga bayan ginin, can ta tofar. Na bi ta na tarar tana goge baki da gefen mayafi kamar wadda ta sha maɗaci.

"An gama?" ta ce.

"An gama, matarmu."

"To mu je, akwai irin gwaza da zan karɓa wurin MaGumede."

Duk wanda ke ɗakin nan sunan mutum ya ji. Fanozi ma sunan mutum ya ji, na ga fuskarsa ta yi toka. Amma muryar ba mutum ne ya saurare ta ba. Can babban ofis wata na'ura ce ke jin muryoyi tana mai da su rubutu da Turanci, dubbai a rana, ba wanda ke zaune kusa da ita. Ta ji ndlela. Ta duba abin da ta sani, ta rubuta hanya.

MaShandu ta riga ta share rabin gona ta ja kunya lokacin da sabuwar taswira ta iso. Kore shar, ɗige-ɗige baƙi, sai ƙarin alama a gefe. Na sa malami ya karanta min, don da Turanci take. Ya ce ma'anarta mai wuri ta tabbatar har sau biyu, an rufe magana.

Na je Eshowe, na je ofishinsu, na kira lambar da ke jikin motarsu har na haddace waƙar jiran. Phumla aikinta ya ƙare, amma ta rubuta musu, ta kira ni tana ba ni haƙuri kamar ita ta haifi na'urar. Amsar da aka ba ta ita aka ba ni: an sa hannu, taswira ta zama ta hukuma, sai in an sake zagayowa nan da wasu shekaru. Mai gilashi yana wata fadamar a wata ƙasa, ina jin har yanzu yana ba da labarinmu a wurin taro, abin sha'awa.

Fanozi na tare shi a bakin titi. Ya riga ya farfaɗo.

"Ni na ce ta faɗa, ta faɗa. Laifina ne da aka sa wa Baba sunan hanya?"

Ban mare shi ba. Na kalle shi ne kawai, na ce daga yau in ya gan ni ya canza nyathuko.

An gina gadar. Katako mai kyau, da abin dafawa, ta bi ta kan kunyoyin da MaShandu ta ja. Gauraka sun ɗan ƙaru, ba zan yi ƙarya ba, ko da yake ban ga abin da gwaza ta taɓa yi musu ba. Fanozi yana zaune a bakin gada cikin rumfa, yana yagar tikiti, matarsa tana sayar wa baƙi tabarma. MaShandu kuwa ta koma tudu tana cire ciyawa a gonar rake ta wani mutum da ba ta taɓa gani ba, bayanta a duƙe, ganyen rake yana yanka mata hannu. Gwazar da jikokinta ke ci yanzu ta MaGumede ce, in ta tuna da su.

Wata rana muna dawowa daga asibiti, na raka ta an duba mata bayan, mota ta sauke mu daidai bakin gada. Ba ta taɓa tsayawa a wurin ba. An kafa babban allo mai ɗauke da taswirar, da hoton gauraka, da rubutu cikin Turanci da harshenmu. Ta tsaya tana kallo. Karatu ba ta iya ba, amma ta gane siffar wurin, ta kai yatsa kusa da ɗige-ɗigen ba ta taɓa ba.

"Gwaggon yara, me suka rubuta a nan?"

Na so in ce mata ban zo da gilashina ba. Amma ba yarinya ba ce.

"Sunan Baba suka rubuta."

"Shi kansa?"

"Shi kansa. Su a wurinsu hanya ce."

Ta janye hannunta da sauri. Ta ja mayafi ta rufe kafaɗa, ta sunkuyar da kai. Fanozi yana rumfarsa yana kallonmu ta wutsiyar ido. Raina ya ɓaci.

"Haba matarmu. Allo ne fa, ƙarfe da fenti. Sun karɓi sunan, sun karɓi gonar, yanzu kuma za ki rusuna musu? Ki taka ta gabansa, ki faɗe shi da ƙarfi sau goma in kin ga dama. Me ya rage?"

"Na ba su sau ɗaya, ba su san abin da na ba su ba," ta ce. "Ba zan ƙara ba."

Ga titi a shimfiɗe ta gaban allon, a share, a bushe. Ta sauka cikin ciyawa da ƙaya, da ciwon bayanta, ta zaga ta bayansa. Ni kuma na tsaya ina zagi a raina, na zagi mai gilashi, na zagi mai unguwa, na zagi ɗan ƙanin ubana da hularsa. Da na gama sai na tattare zanena na bi ta.